JANANI LUWUM: BABBAN BISHOP DA YA ƘI YIN SHIRU A GABAN IDI AMIN

A kowace ranar 16 ga watan Fabrairu ana hutu a duk faɗin ƙasar Yuganda domin tunawa da wani mutum wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, bai kuma taɓa neman mulki ba. Wannan mutum shi ne Janani Luwum, Babban Bishop na Ikilisiyar Angilika, wanda aka kashe a shekarar 1977 a zamanin mulkin Idi Amin.

Luwum ɗan ƙabilar Acholi ne, an haife shi a ƙauyen Mucwini a arewacin Yuganda. Da aikin koyarwa ya fara, kafin ya ba da kansa ga hidimar ikilisiya a 1948. An naɗa shi Bishop na Arewacin Yuganda a 1969, sa'an nan a 1974 ya zama Babban Bishop, shekara uku ke nan bayan Idi Amin ya hamɓarar da gwamnatin Milton Obote.

Lokacin nan kuwa ƙasar tana cikin wani mawuyacin hali. Mutane sukan ɓace dare ɗaya, Kirista da Musulmi, manya da talakawa. Ko Babban Jojin ƙasar, Benedicto Kiwanuka, bai tsira ba, don kuwa an ɗauke shi daga kotu a 1972, ba a sake ganinsa ba. Mata da iyaye suka riƙa zuwa wurin Luwum da kuka, shi kuma yakan tafi ofisoshin hukuma da kansa ya tambayi inda aka kai mutanensu.

A nan ne gizo yake saƙar. Addinin Kirista ya umarci mabiyansa su girmama hukuma su kuma yi mata addu'a, amma ya kuma koya musu cewa in umarnin mutum ya ci karo da na Allah, to, na Allah ne a gaba. Luwum ya riƙe duka biyun. Bai yanke hulɗa da shugaban ƙasa ba, har wasu suka zarge shi da kusantar azzalumi. Bai kuma yi shiru a kan jinin da ake zubarwa ba, wannan kuwa shi ya jawo masa fushin gwamnati.

A daren 5 ga Fabrairu 1977 sojoji suka kutsa gidansa a Kampala, wai suna neman makamai. 'Yan kwanaki bayan haka shi da sauran bishop-bishop suka rubuta wa Amin takarda, suka sa hannu da sunayensu, suna ƙorafi a kan kashe-kashe da ɓacewar mutane. Ran 16 ga wata aka tara su a gaban sojoji da manyan ma'aikata, aka baje makamai, aka zargi Luwum da haɗa baki da Obote. Aka sallami sauran, aka tsare shi tare da ministoci biyu, Erinayo Oryema da Charles Oboth Ofumbi. Kashegari gidan rediyon gwamnati ya sanar cewa dukansu uku sun mutu a haɗarin mota. Duniya ba ta yarda da wannan labari ba, kuma waɗanda suka ga gawarsa a Mucwini, inda aka binne shi, sun shaida cewa akwai raunukan harsashi a jikinta.

Mutuwarsa ta zo ne a shekarar da ikilisiyarsa take shirin bikin cika shekara 100 da zuwan masu bishara Yuganda. Ta kuma tuna wa jama'a da samarin nan Kirista da Sarki Mwanga na Biyu ya sa aka ƙone a Namugongo a 1886 saboda sun ƙi barin addininsu.

Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Afrilu 1979 Idi Amin ya tsere daga Kampala, ya rasu yana gudun hijira a Saudiyya a 2003. Luwum kuwa, a 1998 aka kafa mutum-mutuminsa a majami'ar Westminster a birnin Landan, cikin jerin shahidai goma na ƙarni na 20. Biyayyarsa ga Allah ba ta kuɓutar da shi daga mutuwa ba, bai ma yi zaton za ta kuɓutar da shi ba. Abin da ta yi shi ne ta hana shi juya wa matan da suka zo ƙofarsa da kuka baya.