Ciwon ɓarin kai: Daga jijiyoyin jini yake tasowa ko daga ƙwaƙwalwa?

Ciwon ɓarin kai yakan ɗauki awa 4 zuwa 72, tare da tashin zuciya da gudun haske da hayaniya. Yana raba ɗan kasuwa da shagonsa, ya hana ma'aikaci zuwa ofis, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku wajen fama da shi.

Shekaru da dama likitoci sun ɗora alhakinsa a kan jijiyoyin jini. Likitan Amurka Harold Wolff, a binciken da ya fara tun shekarun 1930, ya yi bayanin cewa buɗewar waɗannan jijiyoyi ce ke haifar da bugun da ake ji a kai.

Sai dai wannan ra'ayi ya kasa warware wasu alamomi. Wasu masu ciwon kan ga walƙiya ko zane-zane a idanunsu kafin ya taso, wasu kuma kan yi ta hamma tun sa'o'i kafin nan. A 1944 masani ɗan Burazil Aristides Leao ya gano, a ƙwaƙwalwar zomo, wata igiyar lantarki da ke tafiya sannu a hankali, kimanin milimita 3 a minti, tana barin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a sanyaye. Masana na ganin ita ce tushen waccan walƙiya.

Shi kuwa raɗaɗin, an danganta shi da jijiyar saƙo mai rassa uku da ke ɗauko ji daga fuska da tantanin ƙwaƙwalwa. Idan ta harzuƙa takan saki sinadarin CGRP, wanda Peter Goadsby da Lars Edvinsson suka nuna a 1990 cewa yana ƙaruwa a jini lokacin ciwon. A 2018 Amurka ta amince da maganin farko mai toshe aikinsa.

A yau mafi rinjayen ra'ayi shi ne ciwon daga ƙwaƙwalwa yake farawa, musamman wadda ba ta jure sauyi. Shi ya sa rashin barci, tsallake abinci, ƙishirwa da damuwa ke tayar da shi. Likitoci na gargaɗin cewa shan maganin raɗaɗi irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata na iya mayar da ciwon na kullum. Ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko da shanyewar hannu ko sarƙewar magana, asibiti yake buƙata nan take.