A Ɗaure Kaya Kafin Mota Ta Tashi

Jama'a, ku lura da wannan. In mota tana gudu, duk abin da ke cikinta gudu yake yi tare da ita. In aka yi karo, mota takan tsaya nan take. Amma kayan da ba a ɗaure ba ba su tsayawa. Sai su yi gaba, su bugi wanda suka tarar.

Ga misali. Mota tana gudun kilomita 50 cikin awa ɗaya, sai ta yi karo. Fartanyar da ke bayanka za ta same ka kamar an sako ta daga kan itace mai tsawon mita 10.

Akwai wata 'yar kujera da ake zaunar da yaro ƙarami a mota. Ko yaro ba ya ciki, a ɗaure ta da bel. In ba haka ba, a cire ta a sa a but.

Kaya masu nauyi, kamar jarka da buhun hatsi, su ma but ne wurinsu. A ajiye su ƙasa, a ɗaure da igiya tamau.

Kada a bar kwalba kusa da ƙafar direba. Tana iya mirginawa ƙarƙashin birki, ya taka ya ƙi takuwa.

Ɗaure kaya aikin minti biyu ne. Jinyar karaya kuwa sai an yi watanni.