Ran Bishiya Yana Ƙarƙashin Ɓawonta

A hanyoyin karkara ba a rasa ganin madacin da masu neman magani suka sassaƙe, wani ma an zagaye gindinsa kaf. Mutane da yawa na ɗaukar ɓawo tamkar riga, alhali a ƙarƙashinsa ran bishiya yake. Jikin tsiro rukuni-rukuni ne na ƙwayoyin halitta, kowane da aikinsa. Waɗanda ke bakin toho da ƙarshen saiwa rarrabuwa suke yi, su ke ƙara tsawo. Fatar ganye tana tsare ruwa, tana kuma da 'yan ƙofofin shan iska. Wasu ajiya ce aikinsu, irin garin da ke cikin rogo. Wasu kuwa ƙarfi, irin zaren rama da ake tufka igiya da shi.

Amma masu jigila su suka fi shafar maganarmu. Iccen ciki, wanda masana ke kira zailam, shi ke ɗauko ruwa da sinadaran ƙasa daga saiwa zuwa ganye. Sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana kuwa ta fuloyam yake sauka, wato ɓawon ciki mai laushi. Tsakaninsu akwai kambiyam, wani siririn shimfiɗi mai santsi da ke haifar da su duka biyun, shi ke sa kututture kauri. Tun a ƙarni na 17 Marcello Malpighi, masani ɗan Italiya, ya yanke ɓawo a kewaye, sai ya ga saman yankan ya kumbura, alamar abincin da ke saukowa ya rasa hanya.

Wani zai ce ai bishiyar da aka sassaƙe tana nan kore shar. Haka ne, domin wuƙa ba ta kai ga hanyar ruwa ba. Saiwa ce ke cin ajiyarta, ranar da ta ƙare kuwa bishiya ta bushe, ko da bayan shekara ne. Wani kuma zai kawo kuka, wadda ake ɗaye wa ɓawo don igiya ta sake wani. Kuka daban take: iccenta cike yake da ƙwayoyi masu rai da ke iya sabunta ɓawo, baiwar da yawancin itatuwa ba su da ita. Saboda haka mai neman sassaƙe ya ɗebi siririn tsiri a tsaye, daga gefe guda, kuma kada ya koma wa wannan bishiyar sai raunin ya rufe.