Rawar Ɗari Bayan Allurar Ƙashin Baya

Allurar ƙashin baya hanya ce ta kashe jiki daga ƙugu, wani lokaci daga ƙasan ƙirji, har zuwa yatsun ƙafa, mutum yana farke ana yi masa aiki. Likitan Jamus August Bier ne ya fara yin tiyata da ita a garin Kiel a 1898. Yau da ita ake yin mafi yawan tiyatar haihuwa da aikin gwaiwa da gyaran karayar ƙafa. Sai dai kusan rabin waɗanda aka yi wa ita, in ba a ɗauki mataki ba, rawar ɗari takan kama su: haƙora na haɗuwa, kafaɗu na kaɗawa, ƙafafu kuwa shiru.

Tushen abin yana cikin jijiyoyin jini. Da maganin ya kama, jijiyoyin da ke sashen da ya mutu sai su saki su buɗe, jinin da ke tsare da ɗumi a ciki da ƙirji ya kwarara zuwa ƙafafu da fata. Cikin awa ta farko zafin cikin jiki yakan sauka da rabin digiri zuwa digiri guda. Ga sanyin ɗakin tiyata, ga ledar ƙarin ruwa da ba a ɗumama ba. Ƙwaƙwalwa tana ganin haka sai ta umarci tsoka ta yi karkarwa don samar da zafi, amma rabin jiki na sama kaɗai ke iya amsawa. Abin mamaki, majinyaci kan ce ƙafafunsa sun yi ɗumi a daidai lokacin da cikinsa ke hucewa.

Karkarwar ba ƙaramar wahala ba ce. Tana iya ninka iskar oksijin da jiki ke buƙata, ta sa zuciya aiki fiye da ƙima, abin da tsoho ko mai ciwon zuciya ko wanda ya zubar da jini ba zai jure ba. Tana kuma rikita na'urar da ake maƙalawa a yatsa da ta awon jini, lambobi su riƙa tsalle, likitan da ke tsaye a wajen kai ya rasa wacce zai gaskata.

Maganin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne fetidin, kimanin miligiram 25 ta jijiya, amma yana kawo tashin zuciya, yana iya rage numfashi. Taramadol ma yana aiki, shi ɗin dai da matasa suka ɓata wa suna. Akwai kuma ketamin ɗan kaɗan da ondansetiron. Cikin masu sa gyangyaɗi, wanda ya fi jan hankalin likitoci shi ne deksmedetomidin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1999. Ana ɗura shi a hankali cikin minti 10, kamar rabin mikirogiram zuwa ɗaya ga kowane kilo na nauyin mutum. Majinyaci sai ya natsu, ya yi barci marar nauyi, a kira sunansa ya amsa, numfashinsa kuma bai cika taɓuwa ba. Illarsa ita ce rage bugun zuciya da saukar da jini, alhali allurar bayan ita ma tana yin haka. Shi ya sa ba a ba da shi sai ido na kan na'ura. A tiyatar haihuwa yawanci akan jira sai an yanke cibiya.

Duk waɗannan magunguna ba sa ƙara wa jiki ɗumi ko kaɗan. Abin da suke yi shi ne sa ƙwaƙwalwa ta haƙura da sanyin da a da ba za ta haƙura da shi ba, don haka mutum na iya kwanciya lakadan alhali zafin jikinsa ya faɗi ƙasa da digiri 36, inda jini ke jinkirin daskarewa, ciwo kuma ya fi saurin ruɓa. Saboda haka ɗumamawa ce kan gaba. Ƙa'idar hukumar NICE ta Ingila ta 2008 ta ce kada ɗakin tiyata ya gaza digiri 21 muddin jikin majinyaci a buɗe yake, ruwan da za a ƙara masa kuma a ɗumama shi zuwa digiri 37. Bargo mai hura iska mai ɗumi ya fi bargon auduga aiki nesa ba kusa ba, musamman in an fara lulluɓa shi tun kafin allurar.

Karkarwar da ta zo tare da zazzaɓi, ko ta fara ana tsakiyar ƙarin jini, daban take. Wannan bincike ake yi mata, ba a rufe ta da maganin barci.