Shin Ko Kun San? Yadda Asibiti Ya Iso Ikara, Maƙarfi da Kudan

Shin ko kun san cewa Ikara da Maƙarfi da Kudan da Kubau duk ƙaramar hukuma ɗaya ce a da? Da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a 1976, Ikara ce hedikwatar yankin baki ɗaya. Daga baya aka yanke Maƙarfi, aka yanke Kubau mai hedikwata a Anchau, sannan a 1996 aka fitar da Kudan daga jikin Maƙarfi, hedikwatarta na Hunƙuyi. Don haka tarihin asibitocinsu a sarƙe yake, kuma dukkansu Zariya suke dosa idan ciwo ya gagara.

Shin ko kun san cewa ƙuda ne ya fara jawo hankalin likitocin Turawa zuwa wannan yanki? Ƙudan tsando, mai zama a duhuwar kurmi da bakin rafi, shi ke ɗauke da ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Tun a shekarun yaƙin duniya na farko ciwon ya tarwatsa ƙauyen da 'yan mishan suka kafa wa mabiyansu a Gimi, waɗanda suka tsira suka koma wajen Zariya. A shekarun 1930 kuwa abin ya zama annoba a ƙasar Zazzau. Ma'aikata kan bi gari gari, a jera mutane a ƙofar dagaci, a shafa wuyan kowa ana neman kaluluwa. Wanda aka samu da ita a ɗebi ruwanta a duba a madubin likita, in an ga ƙwayar cutar a sa shi layin allura. Allurar ta wancan zamani mai ƙarfi ce ƙwarai, har takan taɓa idon wasu, kuma wanda ya warke ya koma rafin nan ɗiban ruwa sai ƙudan ya sake cizonsa.

Wannan ne ya haifi Shirin Anchau a 1937. Shin ko kun san girmansa? Fili ne mai faɗin murabba'in mil kusan 700, aka sare duhuwar bakin rafuka na tsawon sama da mil 500 don ƙudan ya rasa mafaka, aka tashi mutum kusan 5,000 daga ƙananan unguwanni aka haɗa su a sababbin ƙauyuka. Kusa da tsohon garin Anchau aka gina sabon gari, Takalafiya, mai faffaɗan tituna da rijiyoyin kankare da kasuwa da makaranta da ɗakin shan magani. Wani masanin ƙwari mai suna T. A. M. Nash ne ya ja ragamar aikin, ya kuma wallafa rahotonsa a 1948. Ba a yi abin cikin daɗin rai duka ba. Aikin saran kurmi na tilas ne, kuma babu mai son a raba shi da kufan kakanninsa. Amma ni a ganina wannan shiri ya gane abin da har yau muke tuntuɓe a kansa: rijiya mai murfi da tsabtar gari sun fi allura rage yawan masu kwanciya. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore da ke Kaduna har yanzu, daga irin wannan gwagwarmaya ta samo asali.

Shin ko kun san cewa a garin Anchau ɗin nan aka haifi Farfesa Ishaya Audu a 1927? Likitan yara ne, kuma shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A zamaninsa aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a jami'ar, a 1967.

Likitan farko da Arewa ta samu ma ɗan Zazzau ne, wato Dakta Barau Dikko. Ya yi karatun likita a Birmingham ta Ingila, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa asibitin koyarwa na jihar Kaduna yake ɗauke da shi a yau. Shi da Ishaya Audu duk sun bi ta hannun mishan ɗin da Dakta Walter Miller ya kafa a birnin Zariya a 1905, wanda ya koma Wusasa a 1929. Asibitin Wusasa na nan yana aiki, kuma tun fil azal Musulmi da Kirista ke kwanciya a cikinsa.

Shin ko kun san abin da talakan Paki ko Likoro ko Gubuchi ya fara sani da sunan asibiti? Sha-ka-tafi na En'e. Ɗaki ne ɗaya ko biyu a garin hakimi, da malamin asibiti guda, da kwalabe na ruwan magani, da abin wanke gyambo. Babu gado, babu likita. Abokin aikinsa shi ne duba-gari, mai leƙa randa da masai da mahauta, wanda matan gida ke jin zuwansa su hau share-share. A shekarun 1930 aka fara horar da masu haɗa magani a Zariya, masu duba-gari kuma a makarantar tsabta ta Kano. Kafin su, da kuma tare da su, akwai wanzami da maɗori da ungozoma, waɗanda har gobe su ake fara kira a gidaje da yawa. Duk tsarin da ya yi kamar ba ya ganinsu, yaudarar kansa yake yi.

Shin ko kun san cewa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello bai fara a Shika ba? Shekara da shekaru a rarrabe yake: wani sashe a Tudun Wadan Zariya, wani a Kaduna, wani a Malumfashi. Sai a 2005 aka tattara a mazauninsa na dindindin a Shika. Dattawa da yawa in sun ce an kai wane Tudun Wada, tsohon asibitin suke nufi.

A wancan tsohon asibiti aka yi wasu bincike da duniya ke ambato har yau, kuma matan karkarar Zazzau ne a cikinsu. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a jere, daga 1976 zuwa 1979, aka wallafa sakamakon a 1985. Abin da suka gano bai da sarƙaƙiya: macen da ta je awo tun cikin yana ƙarami ba kasafai take mutuwa a haihuwa ba, wadda kuwa aka kawo bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ita ce ke cikin babban haɗari. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi kowa shiga uku, domin doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari. Harrison ya ƙare da cewa karatun 'ya mace na daga cikin manyan magungunan wannan matsala. Shekaru da dama sun wuce, amma sashen gyaran masu yoyon fitsari na asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan bai rasa marasa lafiya ba.

Shin ko kun san cewa a Zariya aka yi fitaccen nazari kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa? Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun lura a shekarun 1970 cewa masu jego na zuwa da kumburin ƙafa da haki, musamman a lokacin zafi. Suka danganta abin da yawan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa. Binciken baya-bayan nan a Kano ya ƙara da ƙarancin wani sinadari a jiki mai suna seleniyam. Ba ina cewa a watsar da kulawar da iyayenmu mata ke yi wa mai jego ba, wannan gata ne da wasu ƙasashe ba su da shi. Kanwar ce dai a rage, kuma mai jegon da ta kasa kwanciya rigingine saboda numfashi, a kai ta asibiti a ranar.

A Saye, kusa da Zariya, tsohon sansanin masu kuturta ne ya rikiɗe ya zama cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta a 1991. Maganin cututtukan biyu kyauta ne.

Shin ko kun san cewa Maƙarfi ba rake da mazarƙwaila kaɗai take fitarwa ba? Kwalejin kimiyyar lafiya da ke garin, mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, ta yaye ɗimbin ma'aikatan lafiyar al'umma da masu gwajin jini da jami'an tsabtar muhalli. Mutumin da ake kira "likita" a ƙaramin asibitin ƙauye, sau da yawa irin wannan ma'aikaci ne. Shi ke awo, shi ke rigakafi, shi ke sa ƙarin ruwa, shi ake buga wa ƙofa da tsakar dare. An ƙirƙiro wannan rukuni na ma'aikata ne domin an san likitoci ba za su taɓa isar kowane ƙauye ba. Tunanin ya yi ƙarfi bayan taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya ɗora shi a aikace lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa.

Tsarin asibitoci a takarda hawa uku ne. Ƙananan asibitocin gunduma a ƙasa, manyan asibitocin jiha irin na Ikara da Maƙarfi da na Hunƙuyi a tsakiya, Shika a sama. Ana so zazzaɓi da gudawa da awo da haihuwar da ba ta zo da gardama ba su ƙare a hawa na farko, tiyata da ƙarin jini a na biyu, abin da ya gagara kaɗai ya wuce gaba. Idan hawan farko ya yi rauni, sai kowa ya tsallake shi: mai hali ya ɗauki shatar mota zuwa Zariya ko Kano, marar hali ya tsaya a kemis. A nan ne ake asarar rayuka, a kan hanya, cikin motar haya ko a bayan babur, musamman da damina in hanyar ƙauye ta yanke. Ga kuma haɗurran babbar hanyar Kano da ke ratsa Tashar Yari, waɗanda ba sa jiran a kai mutum Shika.

Shin ko kun san cewa jihar Kaduna na da gundumomi 255 a ƙananan hukumomi 23? A kan wannan lissafi gwamnatin da ta hau a 2015 ta ɗauki aniyar gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace gunduma. Kafin nan, a 2007, jihar ta ƙaddamar da kula da mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. A 2018 aka yi dokar asusun taimakekeniyar lafiya na jiha. A matakin tarayya kuma, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, kuma wani kaso na kuɗin kai tsaye yake shiga asusun asibitin gunduma. Mutane ƙalilan ne suka san haka. Kowace gunduma ana so ta kasance da kwamitin jama'a mai sa ido a kan asibitinta, kuma haƙƙin wannan kwamiti ne ya tambayi nawa ya shigo, me aka saya. Fenti da sabon kwano suna da daɗin gani, amma tambayar da nake so a riƙa yi ita ce: ungozoma nawa ke kwana a wurin, kuma akwai wuta da ruwa a ɗakin haihuwa?

Shin ko kun san cewa daga Pambeguwa, cikin ƙaramar hukumar Kubau, jirage marasa matuƙi ke tashi da magani? Kamfanin Zipline ya fara wannan aiki a 2022. Ma'aikaci ya aika saƙo ta waya, jirgin ya zo ya sako ƙunshin allurar rigakafi ko magani da 'yar lema a harabar asibiti, ya juya. Yana maganin matsalar hanya ga kaya. Mai naƙuda dai har yanzu mota take buƙata.

Cututtuka nawa aka kora a cikin wannan tafiya? Agana ta ƙare a duniya, an tabbatar a 1980, tabon lamba a damtsen dattawa ne shaidarta. Kurkunu, wanda ya kama sama da mutum 650,000 a Najeriya a ƙidayar ƙarshen shekarun 1980, an tabbatar da ƙarewarsa a ƙasar a 2013, kuma Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya yi yawo ƙauye ƙauye a kan wannan yaƙi. Sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya a 1996, ya kashe fiye da 11,000, kafin sabuwar allurar da aka fara yi a 2011 ta karya lagon nau'in da ya fi yin annoba. Shan inna ya ɗauki lokaci saboda ƙin rigakafin da aka yi a 2003, sai da sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shiga da kansu, sannan a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Shin ko kun san cewa cutar da aka ɗauka ta tafi tana iya dawowa? A 2023 mashaƙo ya ɓarke a jihohin Arewa, Kano ta fi jin jiki, Maƙarfi kuma na cikin ƙananan hukumomin Kaduna da aka ba da rahotonsa. Yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Allurar da ke kare shi tana cikin haɗin nan mai maganin cuta biyar da ake yi wa jariri a cinya sau uku: yana da sati 6, da sati 10, da sati 14. Ana yin ta a kowane asibitin gunduma a Ikara da Maƙarfi da Kudan, ba a biyan ko kwabo, kuma yaron da ya tsallake lokacinsa ana iya kai shi a cike masa.