Yadda Ɗan Shekara 17 Ya Ci Gasar Darar Sauri a Warso

Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin bishiya yana kallon dattawa suna dara ya san wasa ne na natsuwa. Sai mutum ya ɗauki kara ya riƙe, ya yi ta tunani, ba mai ce masa yi sauri. To, akwai wata irin dara da ake kira ces, wadda mukan ce da ita darar Turawa, ko da yake asalinta daga Indiya ne, ta biyo ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ta isa Turai. Ana yin ta bisa allo mai gida 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16, watau sarki da sarauniya da dawaki da sauran manya, ga dakaru 8 a sahun gaba. Wanda ya tsare sarkin abokin karawarsa har ya rasa mafita, shi ya ci. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu shi ne yadda ake gasar sauri ta wannan wasa, da kuma abin da ya faru ga wani yaro sa'ad da ya je irinta a wata ƙasa.

A babbar gasa akan ajiye agogo mai fuska biyu a gefen allo. In ka taka sai ka danna, naka ya tsaya, na abokin karawarka ya fara tafiya. A wasan da aka saba da shi kowa na da sa'o'i na tunani. Misali, a watan Disamba na 2021 Magnus Carlsen na ƙasar Norwe da Ian Nepomniachtchi na Rasha sun yi wani wasa a Dubai wanda ya kusa cin awa 8, aka yi taku 136. Amma a gasar sauri ta duniya minti 15 kurum ake ba kowa, sa'an nan duk taku ɗaya a ƙara masa daƙiƙa 10. In lokacinka ya ƙare an cinye ka, ko da kuwa kai ke da rinjaye a kan allo. Ashe ke nan abokan gāba biyu gare ka, ɗaya yana zaune a gabanka, ɗaya yana ƙyas-ƙyas a gefenka.

Yaron sunansa Nodirbek Abdusattorov, an haife shi a Tashkent, babban birnin Uzbekistan, a 2004. Ba baƙon tafiya ba ne, gama tun a 2012 ya je Silobeniya ya ci gasar duniya ta yara 'yan ƙasa da shekara 8, yana da shekara 13 kuma ya cika sharuɗɗan samun muƙami mafi girma na wannan wasa. Duk da haka, da ya isa Warso, babban birnin Polan, a ƙarshen Disamba na 2021, ba wanda ya sa shi cikin lissafi. 'Yan wasa sun fi 150, kuma fiye da 50 daga cikinsu suna gabansa a jerin gwanaye. Ita kanta gasar a Kazakistan aka shirya yin ta, maƙwabciyar ƙasarsu, sai dokokin annobar korona suka sa aka mai da ita Polan ana saura 'yan kwanaki.

Zagaye 13 aka yi cikin kwana 3, daga ran 26 zuwa ran 28 ga wata. Wanda ya ci wasa ya sami maki 1, in aka yi canjaras kowa ya ɗauki rabi. Tsarin haɗa 'yan wasa kuwa shi ne a haɗa ka da mai maki irin naka, saboda haka gwargwadon cin da ka yi, gwargwadon ƙarfin wanda za ka tarar a zagaye na gaba. Ga shi hutun da ke tsakani kaɗan ne. A nan ne wahalar take, ni a ganina, domin wanda aka cinye shi yanzu ba shi da daren da zai kwana ya huce, tilas ya wanke fuska ya koma kan allo zuciyarsa na tafasa. Nodirbek ya kā da Fabiano Caruana na Amurka, ya kā da Levon Aronian, dukansu manyan gwanayen duniya, sai mutane suka fara tambayar ko wane ne wannan yaro.

Ranar ƙarshe, a zagaye na 10, aka haɗa shi da Carlsen, wanda shi ne zakaran duniya a lokacin, shi ne kuma ke kan gaba a gasar. Suka yi ta fafatawa har allo ya kusa wofi, ya rage kowa da sarki da sarauniya da 'yan dakaru. Irin wannan ƙarshen wasa shi ne gonar Carlsen, da shi ya saba gajiyar da mutane har su yi kuskure. Lokaci ya ƙure wa kowa, ba abin da suke rayuwa da shi sai daƙiƙa goman nan da ake ƙarawa. Ku gwada ku gani: daƙiƙa 10 ko ɗaure igiyar takalmi da ƙyar take isa, balle a lissafa inda sarauniya za ta faɗa. Yaro bai firgita ba, ya yi ta tura dakarensa gaba, har babban ne ya yi kuskuren, ya miƙa hannu ya sallama.

Da aka gama zagaye 13, mutum 4 suka tashi da maki tara da rabi kowannensu: Nodirbek da Nepomniachtchi da Carlsen da Caruana. Nan fa gardama ta tashi. Dokar da ƙungiyar FIDE mai kula da wasan ta kafa ta ce biyu kaɗai za su yi wasan raba gardama, kuma za a zaɓe su ne ta hanyar lissafin makin waɗanda kowa ya kara da su. Lissafi ya fid da Nodirbek da Nepomniachtchi. Carlsen ya fusata, ya ce dokar wauta ce, ko dai a bar duka su buga ko kuwa kada kowa ya buga. Yana da gaskiyarsa, ban musa ba. Amma dokar tana rubuce tun kafin a fara, kuma su biyun da aka bari a waje, ai duk yaron ya riga ya kā da su da hannunsa cikin kwana ukun nan.

Wasan raba gardama ya fi na baya sauri, minti 3 ga kowa da ƙarin daƙiƙa 2. Na fari aka yi canjaras, na biyu Nodirbek ya ci. Ya zama zakaran duniya na darar sauri yana da shekara 17 da wata 3, ba a taɓa samun mai ƙarancin shekaru kamarsa da ya ci wannan gasa ba.

Waɗansu sun ce sa'a ce, wai wasan sauri ba ya nuna gwani na gaskiya, tun da hannu yakan riga tunani. Lalle ana yawan kuskure a cikinsa, amma sa'a ba ta bin mutum ɗaya zagaye 13. Bayan wata 7 kuma, a Agusta na 2022, ƙasashen duniya suka taru a birnin Chennai na Indiya don babbar gasar ƙasa da ƙasa, wadda ake yi da dogon lokacin tunani. Uzbekistan ce ta zo ta ɗaya, Nodirbek kuwa shi ne a allo na farko, yana karawa da gwanin kowace ƙasa, bai ko cika shekara 18 ba.