Abin Hannunki, Uwargida: Yadda Za Ki Tsare Na Gida da Na Waje

  

Abin da ya jawo zancenmu na yau saƙo ne daga wata baiwar Allah a wani ƙauye na ƙasar Maiyama. Ta ce ta tara kuɗin ƙuli-ƙuli ta sayi tumaki biyu, ta ba wani ɗan uwan mijinta kiwo. Shekara huɗu ba ta sa su a ido ba. Da auren 'yarta ya taso ta aika a kawo, sai aka ce ɗaya ta mutu, ɗaya kuma an sace. 'Ya'yansu fa? Shiru. Ba shaida, ba takarda, ga kunyar dangin miji. Haka ta haƙura.

To, 'yar uwa, zaman kulle bai hana ki mallaka ba. Sadakinki naki ne, gadonki naki ne, ribar sana'arki taki ce, addini bai ce ki haɗa da ta maigida ba. Sai dai dukiyarki kashi biyu ce: akwai wadda ke gabanki cikin gida, akwai wadda ke waje a hannun wasu, ba kya ganin ta. Kowace da irin tsaron da take so.

Mu fara da ta cikin gida. Babban abokin gabarta wuta ne, musamman da hunturu, lokacin da danga da zana da kara duk sun bushe, iska kuma tana kaɗawa. A ƙasarmu ta masu noman rani akwai wani haɗari na daban. Injin ban ruwa da fetur yake aiki, maigida kuwa sau da yawa cikin gida yake aje jarkar, wani ma a ƙarƙashin gado don gudun ɓarawo. Fetur ba sai wuta ta taɓa shi ba, tururinsa kaɗai yana iya janyo ta daga murhu ko fitila. Ki lallashi maigida a nemo wa jarkar wuri nesa da madafa da ɗakin kwana. Kaskon wutar da ake shiga da shi ɗaki don ɗumi, a fitar da shi kafin barci, don ko bai kama tabarma ba, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba a sani ba. Ki aje bokitin yashi kusa da murhu. In mai ya kama wuta a kasko, kada ki watsa ruwa, ruwa fantsama shi yake yi. Ki rufe da murfi ko ki zuba yashi.

Sai ruwa. Mutanen Jega da ke bakin Gulbin Zamfara ba sa bukatar a ba su labari. Ambaliyar 2010 da ta 2012 da ta 2020 sun cinye gonakin shinkafa da gidajen ƙasa masu yawa a Jihar Kebbi. Daga watan Agusta zuwa Satumba, kada buhun hatsi ya kwana a ƙasa, a ɗora shi bisa katako. Takardu masu muhimmanci, irin na gona da katin asibiti da na makarantar yara, ki ƙulle su cikin leda ki rataye a sama, inda za ki iya figa da hannu ɗaya cikin duhu.

A nan akwai maganar da nake so ku yi da maigida tun lafiya lau. In wuta ta tashi ko ruwa ya shigo ba ya nan, wane gida za ki nufa da yara? Ku tsayar da wannan tun yau. Ceton rai ba ya jiran izini. Kuma don Allah iyayen gida maza da ke saurare, a daina garƙame ƙofa da kwaɗo ta waje a bar mata da yara a ciki. Kada wata ta koma cikin wuta don kwalla ko katifa. Ana sake sayen kwalla.

Hatsi da wake kuma ƙwari ne ke cin rabonsu. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu, iska mai guba take fitarwa, shi ya sa take kashe ƙwaro. Buhun da aka sa wa ita bai kamata ya zauna a ɗakin da ake kwana ba. Akwai buhu mai ninki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda tam, ƙwaron mutuwa yake yi don rashin iska, ba tare da magani ba.

Kuɗin asusu fa? Iyayenmu suna tuna canjin kuɗi na 1984, mu kuma mun ga na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, da aka sake fasalin naira 200 da 500 da 1000. Mata nawa ne hankalinsu ya tashi da kuɗin da suka tura cikin matashi? Kuɗin takarda wuta na ci, gara na ci, tsadar kaya ma na cin darajarsa yana kwance. Ki raba: kaɗan a hannu, wani a dabba ko hatsi, wani a banki in da hali. In kina da katin cire kuɗi, lambar sirrin taki ce ke kaɗai. Wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, a faɗa masa lamba, ɓarawo ne, ki kashe wayarki.

Yanzu mu koma kan dukiyar da ke waje, inda aka fi cutar mata. A nan ba wuta ba ce ke ci, kunya ce da rashin shaida.

In za ki ba da kiwo, a yi magana a fili tun ranar farko. Dabba nawa, wace iri, wace alama gare ta? In ta haihu, yaya rabon zai kasance? Kowane gari da al'adarsa, amma a faɗe ta da baki a gaban mutum biyu. In ta mutu, a sanar da ke a ranar, a nuna wa wakilinki. Lokaci lokaci ki aiki ɗanki ya gano su, ko a ɗauko miki hoto a waya.

Haka batun albasa. Kowa ya san Aliero da albasa, har ƙasashen maƙwabta ake lodin ta. Mata da yawa suna ba miji ko wa kuɗi a saya musu lokacin da ake cire ta tana araha, a aje a rudu sai ta yi tsada. Sana'a ce mai kyau, amma albasa tana ruɓewa, tana kuma raguwa a ajiya. Buhu goman da aka zuba ba goma za a kwashe ba. Saboda haka ki san buhu nawa aka saya, a nawa, a rudun wa aka zuba, kuma in an yi asara wa zai ɗauka. In ba a yi wannan magana ba, ranar sayarwa sai ki ji an ce taki ce ta ruɓe.

Gonar gado ita ce babba. Shari'a ta ba 'ya mace rabin abin da ɗa namiji ya samu. Matar mamaci tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, in akwai 'ya'ya, in babu kuma rubu'i, ɗaya cikin huɗu. Sau da yawa ba hana ki ake yi kai tsaye ba. Cewa ake yi a bar gonar a haɗe, yayanki ya riƙa nomawa. Shekara ashirin sai ya rasu, 'ya'yansa su tashi da sanin gonar ubansu ce. Babu laifi ki bar wa ɗan uwanki ya noma, zumunci ne. Amma a fitar da rabonki tukuna, a kafa iyaka, mai unguwa ko hakimi ya sani, a rubuta cewa aro ne ko haya ko jingina. Ko damin gero ɗaya ne ya riƙa aiko miki duk kaka, wannan damin shi ne ke tuna wa kowa mai gonar. In magana ta ƙi ci a gida, akwai uban ƙasa, akwai kotun shari'a, kuma kina iya naɗa wakili ya tsaya miki.

Na san wata za ta ce, "Ni da ɗan uwana ciki ɗaya, har sai an yi takarda?" Ki tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba zargi ba ne. Shi ke hana zumunci lalacewa bayan waɗanda suka yi maganar sun kwanta dama. In ba ki iya boko ba, ajami ma rubutu ne. In ba ki iya ko ɗaya ba, 'yarki 'yar makaranta ta rubuta, ta karanta miki, shaidu su sa hannu.

Ga aikin da zan bar miki. Yau da dare in yara sun yi barci, ki nemi ƙaramin littafi, ki lissafa duk abin da kika mallaka: mene ne, nawa ne, a hannun wa yake, wa ya sani. Duk layin da kika ga babu sunan shaida a gabansa, to daga nan za ki fara gyara gobe.

Allah Ya tsare mu da gobara da ambaliya, Ya sa albarka a abin hannunmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.